Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: In an ci maka fuska a intabiyu

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a shekarun da na yi ina zama a kwamitin tantance masu neman aiki. Yau zan jingine labarina, domin tambaya guda ta yi ta shigowa daga masu karatu: an kira mutum intabiyu, an wulaƙanta shi, shin ya sanar da jami'in da ya gayyace shi ko ya haɗiye? Iyaye za su ce haƙuri maganin zaman duniya, kuma gaskiya suka faɗa. Amma haƙuri bai hana a rubuta takarda ba. Ni dai shawarata a rubuta.

Ka fara sanin wa za ka tunkara. Wani lokaci jami'in ɗaukar ma'aikata na cikin kamfanin ne ya kira ka, wani lokaci kuma dillali ne daga kamfanin samar da ma'aikata. Dillalin nan galibi ba ya ganin ladarsa sai an ɗauki wanda ya kai, saboda haka duk ƙwararren da aka kora da baƙar magana asararsa ce, kuma yana son ya ji. Sai dai yana tsoron ɓata wa kamfanin da ke ba shi ciniki. Ba zai yi faɗa dominka ba. Abin da zai iya shi ne ya tura takardarka gaba yadda take. To ka rubuta kana sane cewa wanda ya ci maka fuskar ma zai iya karantawa.

Aikin yana farawa tun kafin ka isa gida. A cikin adaidaita ko a tasha, buɗe wayarka ka rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa aka ce ka zo, ƙarfe nawa aka shigar da kai, mutum nawa ne a kwamitin, wa ya zauna a ina in ba ka riƙe sunaye ba, da kalmomin da aka faɗa maka baki da baki. Bayan kwana uku zuciya za ta ƙara gishiri, kuma ƙari guda ɗaya da aka kama ya isa a watsar da sauran. Kada ka aika a ranar. Ka kwana, ka sake karantawa da safe, ka aika cikin kwana biyu. In ka bari mako ya wuce, an tattara takardun maki, an yanke shawara, 'yan kwamitin ma sun manta fuskarka.

Nan ne mutane suka fi kuskure: ba kowace tambaya mai zafi ce wulaƙanci ba. In aka tambaye ka me ya sa ka yi shekara uku ba aiki, ko aka nuna maka ka kasa lissafin da ka ce ka iya, haƙƙinsu ne. Wulaƙanci shi ne a ajiye ka daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 2 babu wanda ya leƙo ya ba da haƙuri, ko shugaban kwamiti ya ɗaga waya yana hira kana tsakiyar amsa, ko a kwaikwayi yadda kake furta Turanci ana dariya. Akwai kuma wanda ya wuce rashin ladabi ya taɓa doka. A dubi mace a ce "ke da kike da aure, yaushe za ki haihu ki bar mana aikin?" Ko a ce 'yan garinku ba sa jure aiki. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asalin gari, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Dokar 2014 ta hana a gindaya gwajin cutar ƙanjamau a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki, ta 2018 kuma ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. In abin da ya same ka irin wannan ne, ka ambaci dokar a jimla ɗaya, ba tare da barazana ba.

Takardar ta tafi ta imel, ba saƙon murya a WhatsApp ba, domin murya ba ta shiga fayil. Kada ta wuce rabin shafi. Yawanci da Turanci za a rubuta, amma ga tsarinta:

"Hajiya, barka da aiki. Na gode da gayyatar intabiyun ranar Talata kan gurbin mai kula da asusu. Ina so in sanar da ke abu biyu. An ba ni ƙarfe 9, an shigar da ni ƙarfe 2 da rabi ba tare da wani bayani ba. Sannan wanda ya zauna a tsakiya ya tambaye ni ko mijina ya san na fito, sauran suka yi dariya. A cikin minti goma da na yi a ɗakin ba a tambaye ni komai kan aikin asusu ba. Ina roƙon a isar da wannan ga shugaban sashen ma'aikata, a kuma sanar da ni an karɓa."

A lura, babu "marasa tarbiyya" a ciki, babu "ban taɓa ganin irin wannan kamfani ba". Ka ce mutum ba shi da ladabi, zai ce ra'ayinka ne. Ka kawo maganarsa da lokacin da ya faɗe ta a gaban mutum uku, ba shi da wurin tsayawa. Kuma buƙatar ƙarama ce, wadda Hajiyar da aka rubuta wa za ta iya biya daga kujerarta.

Ka yanke shawara kafin ka aika: kana son aikin har yanzu ko ka janye? Faɗi a fili. Takardar da ta haɗa ƙorafi da roƙon a taimaka a ɗauke ka ba ta samun ko ɗaya. In ka janye, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ka damar neman su goge takardunka da ke hannunsu.

Abin da ya fi ɓata lamari shi ne hawa Facebook da zafin rai, da sunan kamfani da hoton manaja. Magana zarar bunu ce. Ƙorafin da za a iya gyarawa a ofis sai ya koma ƙarar ɓata suna, kuma an sha kama mutane a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 kan abin da suka wallafa. Haka nan tura wa mutum goma kwafi a saƙon farko. Jami'in zai ji an tona masa asiri, ya koma kare kansa.

In an yi shiru har kwana bakwai na aiki, ka tuna musu sau ɗaya. In dogon jira ne ko ɗaga waya, ka bar shi nan. In kuwa an nemi mace da lalata, ko an nemi kuɗi kafin a ba da aiki, ko an nuna bambanci ƙiri-ƙiri, kada a tsaya kan jami'in. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofisoshi a jihohi kuma ba ta karɓar ko kwabo. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Dillalan aiki kuwa lasisinsu daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya yake fitowa, can ake kai ƙararsu. Ka je da kwafin takardar gayyata, da imel ɗin da ka aika, da bayanin nan da ka rubuta a tasha.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma inda muka tsaya.