Jona ƙaramar tashar lantarki ta ruwa da babban layin wuta

Lissafin wutar da ruwa zai bayar ba shi da wuya. A ninka 9.81 da yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, a ninka da tsayin gangara, sannan a ninka da ingancin injuna. Ruwa kubik mita 2 a daƙiƙa, gangara mita 30, inganci kashi 80 cikin 100, zai ba da kilowat 470 ko kusa da haka. A ƙasashe da yawa duk tashar da ba ta wuce megawat 10 ba ƙarama ake kiranta. Masu gina irin waɗannan tashoshi kan ƙarar da hankalinsu a kan madatsa da bututu da tarbain, wato injin da ruwa ke juyawa, su bar maganar jona layi sai ƙarshe, alhali can ne aikin ya fi cijewa. A ganina tun kafin a sayi janareta ya kamata a san amsar tambayoyi biyu: a ina za a jona, kuma me tashar za ta yi a daƙiƙar da layin ya ɗauke.

Ƙaramar tasha ba kasafai take hawa manyan layukan dakon wuta masu kilobolt 132 zuwa sama kai tsaye ba, domin kuɗin taransifoma da bireka, wato makunnin da ke haɗawa da katse layi, na wannan matakin kaɗai na iya cinye ribar aikin. Galibi janareta na fitar da bolt 400, ko kilobolt 3.3, ko 6.6, sai taransifoma ta ɗaga wutar zuwa kilobolt 11 ko 33, ta bi layin rarraba wuta har ƙaramar tashar da ke haɗe da babban layin yankin. Matsalar ita ce koguna masu gangara sukan kasance nesa da gari, a wutsiyar layi, inda wayar siririya ce kuma an ja ta ne don kai wuta, ba a yi tunanin wata rana wuta za ta taso daga can ba.

Ga abin da ke faruwa. A ɗauka za a tura megawat 1 ta layi mai tsawon kilomita 20, wanda turjiyar wayarsa rabin om ce a kowace kilomita, wato om 10 gaba ɗaya. A kilobolt 11, wutar da ke bin kowace waya ta kai am 52, asarar da ke tafiya a zafi ta haura kilowat 80, kuma boltej a bakin tasha zai ɗaga da kimanin kashi 8 cikin 100 sama da na ɗaya ƙarshen. Yawancin kamfanonin wuta kashi 5 zuwa 10 suke yarda boltej ya kauce gaba ɗaya, kuma da ma sukan ɗan ɗaga shi a tushen layi don na ƙarshe su samu. Da tsakar dare, lokacin da lodi ya ragu amma kogi bai daina gudu ba, sai boltej ya tsallake iyaka, rile, wato na'urar kariya mai sa bireka ta buɗe, ya fitar da janareta, ko kuma kayan wutar maƙwabta su fara ƙonewa. Wannan megawat ɗin, a wannan wayar, idan a kilobolt 33 ne, am 17 da rabi kawai zai ja, asara ta sauko kilowat 9, hawan boltej bai kai kashi 1 ba. Ninka boltej sau uku na rage matsalar sau tara. Shi ya sa layin 33 mai nisa sau da yawa ya fi na 11 da ke kusa.

Akwai dabarar sa janareta ta riƙa shan wutar maganaɗisu daga layi, wadda ake aunawa da kVAr, don ta danne boltej. Tana taimakawa, amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. A misalin da ke sama, shan kVAr 330 zai rage hawan da kamar kashi 2 ne kawai, kuma zai ƙara am a waya.

Kamfanin da ke da layin ne zai yi nazarin jonawa, ko ya amince da wanda aka yi. Abin da ake dubawa: yadda wuta za ta gudana a lokacin lodi mafi yawa da mafi ƙaranci, yawan am ɗin da zai kwarara idan an samu shot yanzu da aka ƙara sabon tushe, ko birekokin da ke wurin za su iya katse shi, da kuma ko na'urar da ke daidaita boltej a babbar taransifoma ta san abin da za ta yi idan wuta ta juyo baya. Tsofaffin na'urori da yawa ba su sani ba.

Janareta iri biyu ce. Mai tafiya daidai da bugun layi tana da nata maganaɗisun, AVR, wato na'urar daidaita boltej, ke sarrafa shi, kuma gudunta a ƙulle yake: a layi mai bugu 50 a daƙiƙa, mai kan maganaɗisu 4 na juyawa sau 1500 a minti, mai 6 sau 1000, mai 8 sau 750. Ɗayar kuma motar lantarki ce ta yau da kullum da ake juyawa ta ɗan wuce wannan gudun da kashi 1 zuwa 3. Ta fi araha, ta fi sauƙin jonawa, amma daga layi take aron maganaɗisunta, don haka ake haɗa mata kafasito. A layi mai rauni, ko inda ake son tashar ta iya riƙe unguwarta ita kaɗai wata rana, ta farkon ce zaɓi.

Kafin a rufe bireka tsakanin janareta irin ta farko da layi, abu huɗu sai sun dace: jerin fes ukun, wato wayoyi ukun da ke ɗauke da wutar, boltej, saurin bugu, da kusurwar bugun. Jerin fes sau ɗaya ake tabbatar da shi, ranar gwajin farko, da kuma duk ranar da aka kwance kebul aka mayar. Sauran ukun kowane jonawa sai an duba. Ƙa'idar jona ƙananan tashoshi da layi ta IEEE 1547, wadda ta fito a 2003 aka sabunta ta a 2018, ta sa iyaka gwargwadon girman inji. Har zuwa kVA 500, bambancin bugu kada ya wuce Hz 0.3, wato bugu 0.3 a daƙiƙa, na boltej kashi 10, kusurwa digiri 20. Daga nan zuwa kVA 1500, Hz 0.2, kashi 5, digiri 15. Sama da haka, Hz 0.1, kashi 3, digiri 10. Bireka kuma ba ta rufuwa nan take. Idan tana ɗaukar daƙiƙa 0.08, kuma bambancin bugu Hz 0.3 ne, kusurwa za ta matsa kusan digiri 9 tsakanin ba da umarni da haɗuwar ƙarafan, saboda haka dole a shigar wa na'urar jonawa ainihin lokacin birekar don ta riga ba da umarni. Ana so janareta ta ɗan fi layi sauri kaɗan, yadda tana shiga za ta fara bayarwa maimakon ta fara ja. Kowane irin rile da lambar da ake kiransa da ita. Rile mai lamba 25 yana zaune a gefe, aikinsa hana rufewa idan ba a dace ba, ko da mutum ne ya danna da hannu. Rufewa a karkace na iya jawo am da ya wuce na shot a bakin janareta. Sandar da ke juya janareta kan murɗe, kusoshin mahaɗi su tsinke, kwayil ya motsa daga mazauninsa.

Da zarar an jona, ikon gudu ya bar hannun tasha. Ta zama kamar kwalekwalen da aka ɗaure a jikin babban jirgi. Ƙara buɗe ruwa ba ya ƙara gudu, kilowat yake ƙarawa. Ƙara maganaɗisu kuma kVAr yake ƙarawa. Don haka na'urar daidaita gudu takan koma bin matakin ruwa a tafkin shiga, don kada a zuƙe shi iska ta shiga bututu, tare da sassaucin kashi 4 zuwa 5 da zai sa ta rage wuta idan bugun layi ya hau. AVR ma a kan sauya masa aiki. Idan aka bar shi yana ƙoƙarin riƙe boltej na layin da ya fi ƙarfinsa, zai yi ta tura kVAr har kwayil ya yi zafi.

Yanzu ga babbar maganar, wato rabuwa. Bireka a tushen layi ta buɗe saboda reshen bishiya ya taɓa waya. Idan lodin da ya rage a wannan ɓangaren ya yi kusa da abin da tashar ke bayarwa, janareta za ta ci gaba da kunna layin ita kaɗai, ya zama tsibiri. Ma'aikacin da ya zo gyara yana ganin an kashe daga sama, ga wuta na zuwa daga ƙasa. Sannan birekoki da yawa na layin karkara kan sake rufe kansu bayan ɗan lokaci, wani sa'in ƙasa da daƙiƙa ɗaya, su dawo da wuta kan janaretar da ta riga ta kauce daga bugu. IEEE 1547 ta ce a gane tsibiri a fita cikin daƙiƙa 2, amma idan birekar kamfani na dawowa cikin rabin daƙiƙa, daƙiƙa 2 ba ta tsare komai ba. Sai dai a tsawaita jinkirinta, ko a sa mata abin da zai hana ta rufewa muddin akwai wuta a layin, ko a ja saƙon kai tsaye daga tushe wanda zai fitar da janareta duk lokacin da ta buɗe. Rile na boltej, 27 da 59, da na bugu, 81, da mai auna saurin canjin bugu, duk suna kama tsibiri ne idan akwai rata tsakanin lodi da abin da ake samarwa. Idan ratar ƙarama ce sukan makance. Idan kuma aka matsa saitinsu da yawa, duk ɗan girgizar babban layi sai tasha ta fita. Mai janareta irin ta motar lantarki kada ya ce shi ya tsira: kafasito da suka yi yawa na iya ci gaba da ba ta maganaɗisu bayan layi ya tafi, boltej ya yi sama ba mai riƙe shi. Dole su fita tare da birekar janareta.

Ɗaurin taransifoma ma yana da hannu a nan. Idan gefenta na sama ba shi da nutural da aka kai ƙasa, kuma fes ɗaya ya taɓa ƙasa bayan birekar tushe ta buɗe, tashar ba za ta ga wani am na kirki ba, amma sauran fes biyun za su hau har ninki 1.73 na abin da suka saba, masu kare tsawa su fara fashewa. Rile 59N, mai lura da kaucewar nutural, shi ke ganin wannan.

Ita kuma tarbain, lodi ya tafi amma ruwa na nan da ƙarfinsa. Sai ta zabura da gudu: tarbain irin Pelton kan kai kusan ninki 1.8 na gudunta, Francis wajen ninki 2, Kaplan na iya kusantar ninki 3. Hankali zai ce a rufe ruwa da sauri, to nan kuma wani haɗarin yake. A bututun ƙarfe, bugun matsi na tafiya kimanin mita 1000 a daƙiƙa, kuma tsayar da ruwa mai gudun mita 2 a daƙiƙa farat ɗaya na ƙara matsin da ya kai na gangarar mita 200. A bututu mai tsawon mita 500, duk rufewar da ba ta kai daƙiƙa 1 ba farat ɗaya ce. Pelton ta huta, domin tana da marfin da ke kautar da ruwa daga cokulan nan take, allurar da ke toshe bakin feshin ruwa kuma ta rufe a hankali. Francis sai an haɗa da fulawil mai nauyi, ko bawul mai sakin matsi, ko rijiyar hucewa a saman bututu. Kuma duk abin da zai rufe ruwan kada ya dogara da wutar layi, tunda ita ce ta ɗauke: nauyi mai faɗowa da kansa, ko matsin mai da aka tara, da batir mai lafiya na riƙe rile da kwayil ɗin bireka. Batirin da ya mutu ba a sani ba ya mayar da duk kariyar ado.

Sauran rile ba su da rikici: 32 don kada janareta ta koma motar lantarki mai shan wuta idan ruwa ya yanke, 40 idan maganaɗisu ya ɓace, 46 idan lodin fes ukun bai daidaita ba, 50 da 51 na yawan am, 87 na shot a cikin kwayil. Mitar ciniki ta zama mai ƙirga shiga da fita daban, kilowat da kVAr duka, kuma a duba fuskar taransifomomin awo, domin juya ɗaya kawai na sa mita ta ƙirga kashi ɗaya cikin uku na abin da aka sayar.

Ranar gwaji, a fara gwada jonawa da wuƙar raba layi a buɗe, a ga birekar ta rufe a daidai kusurwa ba tare da an haɗa komai ba. Bayan an jona da gaske, a yi gwajin yar da lodi mataki-mataki, kashi 25, 50, 75, sannan 100, kowane mataki ana rubuta iyakar gudu, iyakar matsin bututu da iyakar boltej. Idan alƙaluman mataki ɗaya suka nuna na gaba zai wuce abin da bututu ko janareta za su ɗauka, a tsaya nan a gyara lokacin rufe ruwa kafin a ƙara lodi.