Ranar da aka yanka tantin maƙwabtanmu

Da hasken tocila nake wannan rubutun a cikin tanti, ƙanena ya riga ya yi barci a gefena. Kwananmu biyu ke nan a wannan filin yada zango, kuma tun safe hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na ce ba zan runtsa ba sai na rubuta.

Gari bai gama wayewa ba na ji hayaniya daga tanti na uku da namu. Wani matashi ne da matarsa, waɗanda jiya da yamma muka taya su kafa turaku saboda iska ta hana su sakat. Na tarar da matar ta haɗa kai da gwiwa a kan ciyawa, mijin kuma yana ta kewaye yana haska ƙasa. An ɗauke musu ƙaramar jaka. Wayarsa, kuɗinsu, katin banki da katin shaida, duk suna ciki.

Na durƙusa a bayan tantin na ga inda aka bi. Can ƙasa, daidai saitin kawunansu, an tsaga ƙyallen, tsagar ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Yanka ne miƙaƙƙe, ko zare ɗaya bai sille ba, raɓa ma tana nan kwance a gefensa. Da gani aikin reza ne. Jakar sun jingine ta ne da jikin tantin, tudunta ya fito ta waje, duk wanda ya wuce zai gane akwai abu a wurin. Hannu kawai aka zura aka zare, su biyu suna kwance babu wanda ya motsa.

"Amma fa na sa kwado," mijin yake ta maimaitawa. Kwadon kuwa yana nan rataye a jikin zif ɗin ƙofa, ba a ko taɓa shi ba.

Dattijon da ke kusa da mu, mai tsohon tanti duk faci, shi ne ya dafa kafaɗarsa. "Ɗana, yi haƙuri. Tanti ƙyalle ne, ba bango ba ne." Sai ya jawo jakarsa mai kwado, ya ari biro a hannuna, ya danna bakin biron tsakanin haƙoran zif ɗin. Nan take ya dare. Ya ja kawunan zif ɗin nan biyu, da kwadon a jikinsu, ya kai ƙarshe ya dawo, zif ya koma ya rufe kamar ba a buɗe ba. Na sha jin labarin wannan dabara, amma ganinta a gabana ya sanyaya mini jiki. Ya ce kwado a ƙofar tanti da rana shela biyu yake yi wa ɓarawo: babu kowa a ciki, kuma akwai abin da ake ɓoyewa. Da dare kuwa ya fi haɗari, domin yadin nailan da ake ɗinka tanti da shi narkewa yake da sauri in wuta ta kama, mutum ba shi da lokacin lalubar makulli a cikin duhu.

Abin da muka fara yi shi ne ba mijin wayata ya kira banki aka toshe katin. Daga nan muka shiga asusunsa na Google don neman wayar, amma an riga an kashe ta, abin da ya nuna kawai shi ne inda take kafin a kashe, wato nan cikin filin. Na tambaye shi lambar IMEI, ya ce tana jikin kwalin a gida. Lamba ce mai alƙaluma 15, kowace waya da tata, kuma da ita ake kai ƙara a nemi a toshe wayar. Ganinta ba wuya, mutum ya danna *#06# ta fito. Kafin ka ce me, duk waɗanda ke tsaye a wurin sun zaro wayoyinsu suna dannawa suna kwafa a takarda. Mai gadin filin ya rubuta bayani a littafinsa, ya ce su kai rahoto wurin 'yan sanda.

Zafin abin ya sa mijin ya fara nuna wasu samari da suka iso cikin dare. Dattijon ya tare shi, ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma filin ba shi da shinge ta ɓangaren itatuwa, kowa na iya shigowa ya fita. Na ji daɗin wannan magana. Da an bar zargin ya yi tafiya, da yau kowa ya wuni yana hararar maƙwabcinsa, alhali maƙwabcin nan shi ne kaɗai abin da muke da shi a nan.

Na koma namu tantin na dube shi da idon ɓarawo. Makullin mota yana cikin aljihun raga da ke ɗinke a jikin tantin, wato daidai inda reza za ta bi. Fawa bank da farantin sola a waje suka kwana. Kekunan da muka zo da su a jingine suke kawai da itace. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Waya, makulli, kati da kuɗi na zuba su a lalita na ɗaura a ƙugu, rabin kuɗin kuma na ba ƙanena, don kada asara ta zo gaba ɗaya. Kamara na kai but ɗin mota, amma sai da na jira mutane suka watse, domin wanda ya ga lokacin da ka ɓoye abu ya san inda yake. Fawa bank ɗin ban bar shi a mota ba, batirin litiyam ba ya son zafin motar da aka rufe a rana. Kekuna na zarge su da igiyar ƙarfe a jikin itacen na kulle, sannan na ɗauki hoton lambar da ke ƙarƙashin kowanne. Kujeru da fitila na rubuta sunanmu a jiki da alƙalamin da ba ya goguwa. A cikin tanti ban bar komai ba sai abin da zan iya jure rashinsa.

Da hantsi muka ɗan yi saɓani da ƙanena. Mun shirya hawan dutse, ni kuma na ce a fasa.

"Haba Yaya, in gadin kaya za mu zauna yi, me ya fito da mu daga gida?"

Gaskiyarsa ce. Na je wurin dattijon na ce, "Baba, za mu ɗan fita, ko za a sa mana ido?" Ya ce su yau babu inda za su, gobe in za su rafi sai mu rama musu. Muka tafi. Har muka kai rabin hanya hannuna bai daina taɓa lalitar ba, sai da muka kai sama iska ta buge ni sannan na saki jiki.

Da muka dawo la'asar sakaliya, mai ɗakin dattijon muka tarar zaune a kujerarmu, a ƙofar tantinmu, tana ɗinki. Ta ce da gangan ta dawo nan, don mai wucewa ya ga wurin da mutum. Ta kuma ce wajen tsakar rana wani da ba ta sani ba ya ratso tsakanin tantuna yana leƙe-leƙe, sai ta ɗaga murya ta gaishe shi, ta ce, "Malam, wa ake nema?" Ya ce hanya ya ɓata, ya juya. Wataƙila da gaske hanyar ya ɓata. Ko ma mene ne, ya san an ga fuskarsa.

"Mun gode, Mama," na ce mata, kuma har zuciyata na faɗa. Jiya iyanzu ko gaisuwar kirki ba mu yi da su ba.

Na ɗauka ma'auratan nan za su naɗe kayansu su tafi, amma matar ta ce ba ɓarawo ne zai kore ta ba. Da yamma muka liƙe tsagar da salatif ciki da waje, muka taya su ciro turaku, suka matso da tantin tsakaninmu da na dattijon, ƙofofinmu uku suna kallon juna.

Yanzu jakunkunanmu suna tsakiya, tsakanina da ƙanena, babu abin da ya taɓa jikin ƙyallen. Lalitar tana can ƙasan jakar barcina, ina jin ta da yatsun ƙafa. Kawunan zif ɗin na ɗaure su ta ciki da zarge wanda ja ɗaya zai kwance shi, na rataya makullan kekuna a jiki don su yi ƙara in an taɓa. Ɗazu dattijon ya yi tari, ya haska tocilarsa ta bayan tantunan, ya kashe. Gobe da safe mu ne da gadi.