Talata a Miltown Malbay

Tun asuba ake yayyafi, amma garin a cike yake maƙil. Makon Willie Clancy ne, taron koyon kiɗan gargajiya da aka fara a 1973 a nan yammacin Clare, ƙasar Ailan, don tunawa da ɗan garin, gwanin busa uilleann, wata irin algaita mai jaka wadda ake ba ta iska da zuga-zugi a ƙarƙashin hammata. Da hantsi yara da masu furfura suka yi ta wucewa zuwa darasi, kowa da gogensa a goye.

Bayan azahar na samu kujera a ɗakin bayan wata mashaya, na karɓi shayi. Makaɗa kusan goma sun kewaye tebur ɗaya, ba dandamali, ba mai gabatarwa. Wani dattijo mai konsatina, ƙaramin abin kiɗa da ake ja ana matsewa tsakanin hannuwa biyu, ya ɗauko waƙa, kafin ka ce kwabo goge da sarewa sun bi shi. A gefe akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, ta riƙe gogenta a cinya, ta kasa shiga. Dattijon ya sunkuya ya tambaye ta wace ta iya. Ta fara, hannunta na rawa, a hankali ƙwarai. Wallahi dukansu suka sassauta suka bi ta a haka har ƙarshe, babu wanda ya ƙwace mata. Daga nan ya gaya mata wurin wanda shi ya koyi waƙar, mutumin da ya daɗe da rasuwa, ya ce ta riƙe sunan.

Abin ya taɓa ni sosai. A gida mun saba da uban kiɗi a gaba, 'yan amshi a baya, ana liƙi. Nan ban ga an ba kowa ko sisi ba, kuma gwanin cikinsu shi ya fi kowa ja da baya.

Wanda ke kusa da ni yana kaɗa jita a wata ƙungiyar kiɗan zamani a Limerick. Ya ce su ma haka suke rayuwa: aron lasifika, aron wurin gwaji, wannan ya buɗe wa wancan wasa. Ya tuna mini 2021, lokacin da aka so gina otel a kan Cobblestone, mashayar da ta yi suna da kiɗan gargajiya a Dublin, makaɗa suka fito titi da kayan kiɗansu, hukumar birnin ta ƙi ba da izini. Yau da dare su biyar za su koma gida a motar mai gangarsu, kowa ya kawo kuɗin mai.