Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Neman Sawun Kaka a Cikin Mahauta

Makon jiya na tsaya ne a inda gwaggona ta fasa ƙwai, ta ce kakanmu na wajen uba mahauci ne, ba ɗan kasuwar nan da Baba yake faɗa duk sanda aka tambaye shi ba. Ban ga laifin Baba sosai ba. A zamaninsu, ka je neman aure a ji kai ɗan mahauta ne, wani gidan sai a fara kame-kame, alhali ba suna ba biki ba Sallah da za a yi ba tare da an aika a kira mahauci ba.

Ni ɗan boko ne, don haka takarda na fara nema. Na tafi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Abin da ya fi yawa a kan garuruwanmu shi ne rahotannin ƙiyasin haraji da Turawa suka riƙa yi gunduma-gunduma bayan sun ci Kano a 1903. Takardun sun yi ja, an buga su da tafireta, allurar da aka maƙale su da ita ta yi tsatsa ta ci gefen shafi. A ciki za ka ga an jero maƙera, masaƙa, marina, majema, mahauta, kowace sana'a da yawan masu yin ta da abin da ake zaton suna samu a shekara. Suna kuwa babu ko ɗaya. Bature kuɗin da zai shiga baitulmali yake lissafi, ba ruwansa da wane ɗan wane.

Wani ɗalibin tarihi da muka zauna teburi ɗaya ya ce min a Ingila abin ba haka yake ba. Ƙungiyar mahautan Landan ta samu takardar amincewar sarki tun 1605, kuma yaron da aka kai koyon sana'a akan rubuta sunansa da na ubansa da na ubangidansa, ya yi shekara bakwai kafin ya tsaya da ƙafarsa. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Amma mu ma muna da ƙungiya, kuma tana da sarki.

Da asuba na isa kwatar garinmu. An riga an kayar da shanu biyu, yara na wanke tumbi da hanji a bakin kwalbati, wani ya durƙusa yana fiɗa, hannu ɗaya na jan fata, wuƙar na bi a hankali don kada ta huda, domin fatar da ta huje majemi ba ya sayenta da daraja. Sai da aka gama kasa nama aka kai ni wurin Sarkin Fawa.

"Ranka ya daɗe, sawun kakana nake nema."

Na faɗi sunan. Bai ce komai ba, sai ya sa aka kira wani tsoho da ya daina fita kasuwa. Tsohon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, ba a tambayar mahauci da sunan ubansa kaɗai. Wa ya ba shi wuƙa?"

Daga nan ya shiga jero min su, wane ya koya a hannun wane, har ubangida huɗu a jere, bai yi tuntuɓe ba. Ya ce yaro ba ya taɓa wuƙa da farko. Riƙe ƙafa zai yi, ya wanke kayan ciki, ya ɗauki faranti ya yi tallan nama ƙauye-ƙauye ranar kasuwa. In an ga bai ci amanar ko anini ba, a koya masa fiɗa, sannan sara da kaso. Ranar da ubangida ya miƙa masa wuƙa ya kuma tsaya masa a kara aka ba shi dabba bashi, ranar ya zama mutum. Shaidarsa kuma makaɗin kalangu ne, wanda zai sa sunansa cikin kiɗan da ake yi don sanar da gari an yi yanka.

Abin da ya girgiza ni shi ne Kaka ba gadon fawa ya yi ba. Tsohon ya ce ya ji daga ubansa cewa a yunwar 1914 wata mata ta kawo shi yana ƙarami, ta damƙa shi a hannun wani mahauci don a can aƙalla akwai romo. Ba ta dawo ba. Ke nan sana'ar da Baba ya yi ta ɓoyewa ita ta raya ubansa, kuma sunan da muke amsawa a makaranta na ubangidan ne.

Na tambaya ko a garin ya rasu. Tsohon ya ce a'a, bayan ya yi aure ya bi shanu a jirgin ƙasa zuwa Kudu, ya sauka a Sabo ta Ibadan, inda masu gida Hausawa, wato masu saukar da fataken shanu, ke sayar wa mahautan Yarbawa shanu bashi, malamansu na rubuta wa ya ɗauka, wa ya biya. Ya ce in akwai takardar da ta riƙe sunan Kaka, to littafin bashi ne. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin tafiyata Ibadan da tsohuwar da ta ƙi buɗe min akwati.