Tele ɗin da ke ajin jardan

Shekara shida na yi riƙe da ƴan jardan a wata lekol mai zaman kanta a nan Tawa. Jiya na miƙa makullin aji, amma ranar jinin nan ta ƙi barin raina.

Darakta ce ta sa aka kafa tele a ajin, har da dekodar Canal+, don iyaye su leƙo su ce lekol ta ci gaba. Ni kuma, kada in yi wa kaina ƙarya, na mai da ita mai raino. Duk sanda cike rajista ya taru mini, sai in kunna musu kyanwar nan mai bin ɓera, aji ya yi tsit. Ana maka wa kyanwa guduma, ta baje, ta miƙe garau, yara su fashe da dariya.

Wata Laraba da aka fita hutu, wani ɗan shekara 5 ya ɗaga allonsa ya rafka wa abokinsa a ka. Ɗinki uku aka yi a asibiti. Da na damƙi hannunsa ina faɗa, ko gezau bai yi ba, cewa ya yi, "Madam, ai tashi zai yi, kamar kyanwar."

Abin kunyar shi ne an koya mana wannan a makarantar horon malamai. Albert Bandura na jami'ar Stanford a Amurka ya nuna tun 1961 cewa yaron da ya ga babba na jibgar ƴar tsana shi ma jibgarta zai yi, a 1963 kuma ya gano ko a fim ya gani haka ne. Na haddace don jarrabawa, na bar shi a takarda.

A gaban iyayen yaron darakta ta ce, "Malama, wa ya ce ki kunna?" Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya," na haɗiye sauran. An yanke mini jika 10 a albashi, kuɗin magani wai.

Daga nan ban sake barin su su kalla su kaɗai ba. Nakan tsayar da hoton in tambaye su, "In kai aka yi wa haka, da zafi ko babu?" Ashar ɗin da suke kwasowa daga wayar yayyensu kuwa, wannan ya fi ƙarfina.

Wadda ta gaje ni na ba ta rimot jiya. Ta tambaye ni tashar da ta fi sa su yin shiru.