Na saya da kuɗina, ashe aro aka ba ni

Shekara uku na yi ina karatu a Ingila, duk ɗan abin da ya ragu daga kuɗin cefane littafi nake saya da shi a na'urar karatuna. Kuskurena ɗaya ne, kuma har yau idan na tuna sai raina ya sosu: da imel ɗin makaranta na buɗe asusun sayen littattafan. Ban taɓa kawowa a raina cewa adireshin nan yana da wa'adi ba.

Wata takwas da dawowata gida, ɗana ya zauna a kan jakar da na'urar take ciki. Fuskarta ta tsage, rabi ya yi baƙi kamar an zubar da tawada. Na sayi sabuwa, na zo shiga asusu, kalmar sirri ta shige mini duhu. Aka ce an tura lambar tabbatarwa zuwa imel. Wane imel? Makaranta ta riga ta rufe shi, layin wayata na can ma ya mutu.

Sai na jona tsohuwar a kwamfuta, ga littattafaina nan jere, sun haura 60. Na yi hamdala, na kwafe su. Wallahi ko ɗaya bai buɗu ba. Makullin da ake kira DRM ya ɗaure kowanne da wancan asusun. A daren ne na zauna na karanta sharuɗɗan da na danna wa "na amince" ban duba ba: izinin karantawa suka sayar mini, ba littafin ba.

Ashe ba a kaina farau ba. A 2009 Amazon ya goge littafin 1984 na George Orwell daga na'urorinsa na karatu, wato Kindle, na mutanen da suka biya, ya mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, abin da mutane suka saya ya daina buɗuwa, su ma kuɗi aka mayar musu. To ni ba kuɗi nake nema ba. Bayanan da na rubuta a gefen shafuka, aikin shekara uku, su ne suka hana ni barci.

Mako shida ina fama da masu kula da abokan ciniki, sai da na tono tsohon katin bankina a ƙasan akwati kafin suka yarda ni ne. Ina shiga, kafin in buɗe ko shafi ɗaya, na canza imel ɗin nan.

Yanzu kafin in biya sai na duba ko littafin yana da makulli. Marar makulli, mai tsarin fayil ɗin littafi da ake kira EPUB, nakan ajiye shi a Calibre, manhajar adana littattafai a kwamfuta, in sake kwafa a filas. Ƙanwata ta roƙi aron ɗaya daga cikin tsofaffin nan masu makulli, na rasa yadda zan miƙa mata. Dole na sake saya mata na takarda.