Ƙarfen da ke cikin wuyan jita, da yadda na karya nawa

Jiya wani yaro ya kawo mini jitarsa ta lantarki, wuyanta ya lanƙwashe kamar baka, yana tambaya ko ina da filaya. Filayar nan da ya ambata ce ta zaunar da ni rubutu, don da ita na kashe jitata ta farko.

Ƙannena, a cikin wuyan jita akwai dogon ƙarfe kwance ƙarƙashin allon da yatsu ke takawa. Tsirkiyoyi shida suna jan wuyan da nauyin da ya kai wajen kilo 45, ƙarfen kuma yana ja da baya don kada icce ya sunkuya. Wani ma'aikacin kamfanin jita na Gibson a Amurka, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistar wannan dabara a 1921, aka ba shi a 1923. Aikin ƙarfen ke nan, daidaita lanƙwasar wuya, ta hanyar murɗa notin da ke bakinsa. Ni kuwa na ɗauka da shi ake sauke tsirkiya, alhali wannan aikin jakin da tsirkiyoyi ke hawa ne.

Lokacin hunturu abin ya same ni. Kun san iskar Maradi in ta buso, leɓe ma tsagewa yake balle icce. Allon ya bushe ya tsuke, wuya ya sunkuya, tsirkiyoyi suka yi sama har yatsa na ciwo. Ga biki washegari. Na ari makulli mai kusurwa shida wurin mai gyaran babur, na milimita 3. Notin jitata kuwa na awon Amurka ne, kashi ɗaya bisa takwas na inci, wato ya ɗara milimita 3 da ɗan kaɗan. Ɗan kaɗan ɗin nan ya ishe shi. Makulli ya shiga yana rawa, na murɗa, ya cinye kusurwoyin notin. Maimakon in tsaya, sai na buga wani makullin da guduma, na kama shi da filaya, na murɗa iya ƙarfina, tsirkiyoyi kuma a ɗaure tamau. Sai na ji ƙas! Daga nan noti ya riƙa juyawa a banza.

Da a ce na tsaya tun notin ya lalace, da noti kawai zan sake. Ko da haƙoran ƙarfen ne suka ƙare, ana cire noti a sa ƴar zobe ɗaya ko biyu a mayar. In ma bakin ƙarfen ne ya gutsure, ana ɗan rarake iccen a fitar da sabbin haƙora. Nawa a can ciki ya karye.

Wani tsohon kafinta na kai wa. Ya juya ta, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, da wa kuka yi dambe?" Na ce, "Baba, ƙarfen ne ya ƙi." Ya ce, "Da ya ƙi ai magana ya yi maka." Ya ɗora dutsen guga a kan allon, yana bi sannu har gam ya saki, yana zura siririyar wuƙa. Yini guda muka yi kafin allo ya tashi bai tsage ba. Sabon ƙarfe sai daga Kano aka aiko mini, irin mai aiki gaba da baya, muka jira sati uku.

A nan na sake yin wauta. Baba ya tafi sallar la'asar, ni kuma don gwaninta na lafta gam har cikin ramin da ƙarfen ke kwance. Ya dawo ya tarar, bai ce uffan ba, ya miƙo mini tsumma. Da gam ɗin ya bushe a kan haƙora, da sabon ƙarfen ma ya daskare. Shi ya nuna mini a rufe saman ramin da siririn salatif kafin a shafa gam. Af, in wuyan jitarka irin na kamfanin Fender ne mai kusoshi huɗu, ka fara tambayar kuɗin wani wuyan, sau da yawa ya fi wannan tiyata araha.

Yanzu kafin in taɓa noti, nakan danne tsirkiya a gaɓar farko da ta ƙarshe, wato ƴan ƙarafan da ke gicciye a kan allo, in duba ratar da ke tsakanin tsirkiya da gaɓa ta 8. Kaurin katin gaisuwa ya isa, kamar rubu'in milimita. In ta yi yawa, in sassauta tsirkiyoyi, in ɗan kwance notin tukuna, in ɗiga masa mai, sannan in murɗa dama rubu'in zagaye, ba ƙari. In ɗaure tsirkiyoyi, in bar icce ya kwana. Da damina ta sauka wuyan zai koma baya, tsirkiya ta fara zuza a kan gaɓoɓi, sai a kwance abin da aka ɗaure.

Yaron jiya notinsa na milimita 4 ne. Rubu'i biyu muka yi, ɗaya jiya ɗaya yau da safe, ya ɗauki abarsa ya tafi.